Kunnen Jariri Yana Riga Ƙafarsa



Daga Nima da Mamobi har Aboabo da Asawase, tambayoyin da ake yi wa mai goyo ba sa wuce uku: ya zauna? Ya yi haƙori? Ya fara tafiya? Idan ɗan maƙwabciya ya taka a wata 10, nata kuwa ya cika shekara yana jan gindi, sai tsegumi ya tashi. Wasu su ce nononta ne ba shi da kyau, wasu su ce kwanika ta yi tana ɓoyewa, wata tsohuwa kuma ta kawo sassaƙen da za a dafa a riƙa gasa masa gwiwa. Mu da muke zama a zauren sarki muna rubuta abin da ya shigo, mun sha ganin ƙaramar magana irin wannan ta girma har ta haɗa suruka da matar ɗanta.

Yawancin wannan damuwa ba ta da tushe, kuma hujjar tana kusa da mu. Lokacin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi babban bincikenta kan girman yara, wanda ta fitar da sakamakonsa a 2006, jariran birnin Akara suna cikin waɗanda aka bi wata bayan wata, tare da na Indiya da Norwe da Oman da Amurka. An samu cewa lafiyayyen yaro yana iya zama da kansa tun yana wajen wata 4, wani kuma sai ya kai wata 9. Rarrafe yana zuwa tsakanin wata 5 da wata 13, kuma akwai 'yan kaɗan da ba su taɓa rarrafe da hannu da gwiwa ba, suka miƙe kawai. Tafiya ba tare da an riƙe yaro ba tana farawa daga wata 8 har kusan wata 18. Tazarar wajen wata 10 ke nan tsakanin mai sauri da mai nawa, kuma dukkansu ƙalau suke. Wanda ya taka da wuri bai fi ɗan'uwansa komai ba, illa dai uwarsa ta riga fara gudun bin sa kada ya faɗa kwata.

Tambayar da ta fi waɗannan nauyi ita ce ba a cika yi ba: in an kira sunansa yana waiwayowa? Da wane harshe ake yi masa magana, kuma wa ke yi?

Ɗaliban tafsiri sun san cewa ayar Suratun Nahli da ta yi zancen fitowar mutum daga cikin uwarsa bai san komai ba, ji ta fara ambata kafin gani. Likitoci ma sun tabbatar da cewa ɗan tayi yana jin sauti a watanni ukun ƙarshe na ciki, kuma jariri sabon haihuwa yana bambanta muryar uwarsa da ta wata mace, alhali idonsa bai gani sosai fiye da tazarar da ke tsakanin nono da fuskar mai shayar da shi. Iyayenmu da suke yi wa jariri kiran salla a kunne, ko da malamai sun yi saɓani kan ingancin hadisin, sun fahimci ƙofar da ke fara buɗewa.

Abin da ya kamata ya tsayar da hankalin Bahaushen Gana shi ne wannan ƙofa tana fara tsukewa kafin shekara ta cika. A 1984 wasu masu bincike biyu a Kanada, Janet Werker da Richard Tees, sun gwada jariran gidajen da ake Turanci zalla. Sun sa musu sautukan Hindi da na wani harshen mutanen asalin ƙasar, sautukan da babu irinsu a Turanci. Jarirai 'yan wata 6 zuwa 8 sun riƙa bambanta su ba wahala. Waɗanda suka kai wata 10 zuwa 12 kuwa, yawancinsu sun daina jin bambancin. Kunnen yaro yana zuwa duniya a shirye ya karɓi kowane harshe, sannan a hankali ya riƙe sautukan da yake ji kullum, ya saki sauran. Ana iya koyon abin da aka saki daga baya, amma da wahala da horo, kamar yadda duk wanda ya zaunar da balagagge yana koya masa bambancin ƙafun da kaf ya sani.

To, Hausa tana da sautukan da Tonanci da harshen Ga da Turanci ba su da su. Su ne suka raba kafa da ƙafa, da baki da baƙi, da bari da ɓari, da fada da faɗa. Kowa ya san cewa a bakin yawancin 'ya'yan zango waɗannan sun riga sun narke sun zama ɗaya, kamar yadda "ya zo" ta cinye "ta zo" har ana faɗarta ga mace. Ba mu ɗauki wannan abin kunya ba. Gananci harshe ne da ya haɗa Bahaushe da Badagombe da Bazabarme da Bamoshe da Bakotokole tun zamanin fataucin goro a Salaga, kuma harshen da ya ɗauki kayan mutane da yawa haka dole ya sauke wasu nasa. Amma sauƙewar tana da farashi. Alhaji Umaru na Karaci, wanda ya rasu a 1934, a ƙasar nan ya zauna ya karantar, ya bar rubuce-rubuce da Larabci da Hausar ajami. Jikokin almajiransa nawa ne za a karanta musu waƙoƙinsa yau su gane ba tare da an fassara musu ba? Kuma tsoronmu ya ma wuce batun haruffa masu lanƙwasa. Akwai gidaje yanzu, na Hausawa uwa da uba, inda yaro ke cika shekara bai ji an yi masa jimla guda ta Hausa shi kansa ba. Yana dai jin ta tana wucewa ta kansa tsakanin manya.

Yadda aka zo nan ba boyayye ba ne, sai dai akwai wani gefe da ba a cika lura da shi ba. Al'adarmu ta kunyar ɗan fari ta hana uwa kiran sunan ɗanta, ta hana ta yi masa wasa a gaban mutane, wata ma ko kallonsa ba ta yi in da baƙo. Wannan bai cutar da yaran da ba, domin gidan cike yake. Kaka tana nan tana yi masa tawai tana kiransa mijinta ko kishiyarta, gwaggo tana yi masa waƙar reno, 'yan mata suna rige-rigen goya shi zuwa famfo, daga bayan wannan ya koma bayan waccan, duk inda ya je surutu ne a kunnensa. Uwa ta yi shiru ne saboda akwai bakuna goma da ke magana a madadinta. Yau amarya tana ɗaki guda na haya a Ashaiman, kaka tana Kumasi ko Tamale, maƙwabta ba sa jin Hausa, miji ya fita tun asuba. Kunyar ta biyo ta, mutanen da suka sa kunyar ta zama marar illa kuwa ba su biyo ta ba. Muna ganin lokaci ya yi da iyaye mata manya za su faɗa wa 'ya'yansu baki da baki ranar da za a mayar da su ɗaki bayan arba'in: ki yi wa ɗanki magana, ki ba shi laƙabi in sunan ya yi miki nauyi, amma kada ki yi masa shiru.

Gurbin kaka kuwa waya ce ta cike shi. Yaro ya yi kuka, a kunna masa waƙar yara ta Turanci a YouTube, a jingina wayar da matashi, ya yi tsit, a samu a ɗora tukunya. Ba mu raina gajiyar matar da ke wanki da girki da sana'a ita kaɗai ba. Amma shirun da waya ke sa yaro ba koyo ba ne. A 2003 Patricia Kuhl da abokan aikinta a Amurka sun sa Sinawa su riƙa yi wa jarirai 'yan wata 9 wasa da hira da harshensu, zama 12. Jariran suka riƙe sautukan harshen. Wasu jariran aka nuna musu mutanen nan a allon talabijin suna faɗar maganganu iri ɗaya, ba su riƙe komai ba. Jariri daga fuska mai amsa masa yake koyo: ya yi gwaranci a mayar masa, ya yi dariya a yi masa, ya kalli cokali a ce masa cokali. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya a ƙa'idojinta na 2019 ba ta yarda a zaunar da ɗan ƙasa da shekara guda gaban allo ba ko kaɗan.

Za a ce mana yaron nan makarantar boko zai shiga, Turanci ne zai ci da shi, kuma haɗa masa harsuna zai jinkirta bakinsa. Maganar farko gaskiya ce, ta biyun kuwa zangon kansa ya ƙaryata ta. Wanene a cikinmu bai tashi da harshe biyu ko uku ba? Turanci yana jiran yaro a makaranta da talabijin da takardar gwamnati, Tonanci yana jiransa a kasuwa da cikin mota. Ba za su ɓace masa ba ko an so. Hausa ce kaɗai ba ta da inda za ta tare shi in ba a tsakar gida ba, kuma Turancin da uwa ke lallaɓawa da kalma ashirin bai kai Hausar da za ta zuba masa da karin magana da zolaya da addu'a ba.

Maza kuma kada su ce wannan zancen mata ne. Uban da ya yanka rago ranar suna ya tara jama'a bai gama ba. Tsakanin magariba da lisha, ɗora ɗanka a cinya ka yi karatunka da ƙarfi, ka faɗa masa yadda kasuwa ta kasance yau. Ba zai gane ba, amma yana ji, kuma muryarka daban take da ta uwarsa.

Kunnen da muke son ya ɗauki harshe kuma nama ne, yana lalacewa. Kalmar "haƙori ne" ta rufe cututtuka da yawa a gidajenmu. Fitowar haƙori, wadda takan fara wajen wata 6, tana kawo dalalar miyau da ƙaiƙayin dasashi da ɗan rigima, amma zazzaɓi mai zafi da gudawa da faɗawar maɗiga ba aikinta ba ne. Yaron da ke jan kunne yana kuka da dare, ko ruwa na fita daga kunnensa, asibiti yake buƙata, kada a ɗiga masa mai ko ruwan ganye. Ƙyanda da sanƙarau duk suna iya barin yaro da kurumta, saboda haka allurar wata 9 ba ta wasa ba ce, ko da an ga yaro ya yi ɓulɓul an fara kasalar zuwa awo. In an je awon kuma, kada a tsaya ga sikeli kawai. A gaya wa nas in jariri ba ya firgita da ƙara mai ƙarfi, in ya kai wata 6 ba ya juyawa wajen murya, in ya kai wata 9 babu "ba-ba" babu "da-da", ko in ya fara gwaranci sannan ya daina. A sa ta rubuta a littafin awo, a kuma tambaye ta inda ake gwajin ji.