Daga Bama Zuwa Barikin Dalet: Su Wa Ake Tunawa Ranar 15 ga Janairu?

A kowace shekara, ranar 15 ga Janairu, gwamnoni da hafsoshin soja kan ajiye furanni a dandalin tunawa da 'yan mazan jiya, a saki fararen tattabaru. A da, ranar 11 ga Nuwamba ake yin wannan taro, wato ranar da aka tsagaita wutar Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1918, kamar yadda ake yi a Ingila. Daga bisani Nijeriya ta mayar da shi ranar da yaƙin basasa ya kawo ƙarshe a 1970.

Sauyin ya dace da tarihinmu, sai dai ya sa mutane suna mantawa da dubban 'yan Arewa da suka yi yaƙin Bama a rundunoni na 81 da 82 na Afirka ta Yamma, waɗanda Hausa ce harshen da ya haɗa da yawansu. Sun fafata da sojojin Japan a yankin Arakan da kwarin Kogin Kaladan, suka ƙwace garin Myohaung a watan Janairun 1945. Sunayen da suka samo asali daga wannan yaƙi suna nan tare da mu: Barikin Dalet a Kaduna, Barikin Chindit a Zariya, da Barikin Myohaung a Legas. Amma ɗalibi nawa ne zai iya faɗin asalinsu?

Waɗanda ba a gano kaburburansu ba, an rubuta sunayensu a maƙabartar Taukkyan kusa da Yangon, cikin kusan sunaye 27,000. Da yawa daga cikin magabatansu na Yaƙin Duniya na Ɗaya ba su samu ko wannan ba. A 2021 Hukumar Kula da Kaburburan Yaƙi ta Ƙasashen Renon Ingila ta amsa cewa aƙalla mamata 116,000, akasarinsu 'yan Afirka da Masar, ba a tuna da su da suna ba, kuma gwamnatin Birtaniya ta nemi afuwa.

Ba Birtaniya kaɗai abin ya shafa ba. Tun 2009 ake binne sojojinmu da suka rasu a yaƙi da Boko Haram, kuma jihohin da suka fito na da damar tattara sunayensu ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma, tun iyayensu da matansu suna raye. Kuɗin tallafin da ake tarawa a makon bikin ma zai fi isa hannun marayu idan akwai irin wannan rajista.