Ku Daina Fakewa Da Sunan Bell

Yau zan ɗan ajiye zancen littattafan soyayya, in taɓo wata gardama da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya.

Wani abokina mazaunin Amurka, ma'abocin farauta, ya dage mini cewa zamanin manyan bindigogi ya wuce. Wai ƙaramin harsashi irin .223, wanda faɗinsa bai kai milimita 6 ba, ya isa a kayar da elk, wato wannan ƙatuwar barewa ta ƙasarsu da ta kusa girman doki. Da na ce ban yarda ba, sai ya jefo mini hujjar da duk masu wannan ra'ayi ke jefowa: ai Bell ya kashe giwaye da ƙaramar bindiga. To a kan wannan hujja nake son mu tsaya.

Kafin nan bari in ba su gaskiyarsu. Babbar bindiga tana shuri. Duk wanda ta taɓa nausa a kafaɗa, jikinsa ba ya mantawa, in ya zo jan kunama sai ya runtse ido ya zabura tun harsashi bai fita ba, saitin ya kauce. Harsashin da ya sauka a huhu ko zuciya, ko da ƙarami ne, ya fi ƙato wanda ya sauka a tumbi. Kuma mutanen Suwidin sun fi shekara ɗari suna kayar da mus, dabbar da ta fi elk girma, da 6.5x55, harsashin da sojojinsu suka karɓa a 1894. Ban musa ko ɗaya ba. Abin da na musa shi ne a ɗauki wannan gaskiya a yi ta ja da ita ƙasa har a kai inda ba ta kai ba.

Shi Walter Bell, mutumin Sikotlan da aka fi sani da Karamojo Bell saboda farautar da ya yi a yankin Karamoja na Yuganda, ya kashe giwaye sama da 1,000 a farkon ƙarni na 20, kusan 800 daga ciki da .275 Rigby, wato 7x57. Wannan gaskiya ne. Amma mai karatu, ka tambayi masu ambaton sunansa yadda ya yi. Mutumin nan zarto ya sa aka tsaga masa ƙoƙon kan giwa, ya zauna ya nazarci inda ƙwaƙwalwa take, ta gaba da ta gefe da ta baya. Harsashinsa dogo ne mai rigar ƙarfe, wanda ke ratsa ƙashi ba tare da ya tarwatse ba. Kusa yake matsawa kafin ya harba. Kuma farautar ita ce sana'arsa, wata da watanni yana daji a ƙafa. Shi kuwa abokina sau ɗaya a shekara yake ɗaukar hutu ya shiga daji, ya hango dabba daga nesa ta madubi. Ina aka haɗu? Kowa ya ga shamuwa da kwushinta ya gan ta, sai dai ba kowa ne Bell ba. Balle ma kisan giwa dubu don haure ba abin tinƙaho ba ne a yau, tun 1989 aka haramta cinikin hauren giwa tsakanin ƙasashe.

Akwai wani suna da ba sa son a ambata. George Grey, ƙanin Edward Grey wanda yake ministan harkokin wajen Ingila a lokacin, ya fita farautar zaki a Kenya a 1911 da .280 Ross, ƙaramin harsashi mai tsananin gudu wanda ake yayinsa a wancan zamani. Zaki ya taso masa, ya harbe shi, harbin bai tsayar da shi ba. Ya yi masa raunukan da suka zama ajalinsa bayan 'yan kwanaki. Ga shi harsashinsa da na Bell kusan faɗinsu ɗaya. Me ya sa ake tuna wanda ya tsira a manta wanda ya mutu?

Ba banza ba ƙasa irin Tanzaniya ta sa .375 ya zama mafi ƙarancin abin da za a tunkari giwa ko ɓauna da shi. Ingila ma dokarta ta 1991 ta hana harbin manyan barewa da abin da bai kai .240 ba. Waɗannan dokoki ba don gwani aka yi su ba, an yi su ne don ranar da iska ta kaɗa, ko dabba ta juya daidai lokacin harbi, harsashi ya ci karo da ƙashin kafaɗa. A ranar ne ake gane amfanin nauyi. Maharbanmu na gargajiya ma sun san wannan, duk wanda ya taɓa zama da su ya ji yadda suke tsoron ɓaunar da aka yi wa rauni fiye da lafiyayya.

Abin da ya fi damuna shi ne a duk gardamar nan kafaɗar maharbi ake tausayi. Ba mai maganar dabbar da ta gudu da harsashi a ciki, ta kwana uku tana ruɓewa da ranta a cikin ƙurmi. Mu da addini ya hore mu da wasa wuƙa kafin yanka don a hutar da dabba, bai kamata mu ɗauki wannan da wasa ba.

Shawarata ga abokina ita ce, in shurin babbar bindiga ya fi ƙarfinsa, ba abin kunya ba ne. Ya nemi matsakaiciya ya yi ta gwaji har hannunsa ya faɗa, ya matsa kusa, in bai samu saiti mai kyau ba ya haƙura. In kuwa .223 kaɗai yake iya riƙewa, to ya nemi dabba daidai ita, ya bar elk ta sha iska.

Na san wasu za su ce na yi tsauri. Ƙofa a buɗe take, a kawo hujja, amma don Allah kada a sake kawo mini Bell. Allah Ya sa mu dace, amin.