Karatun marece: kafin a tara yara, a san wa ya iya me

Jama'a masu sauraronmu a Droum da ƙauyukan kewaye, da ƴan uwa da ke karanta mu daga Najeriya, Libiya da Aljeriya, yau maganar karatun da ake ƙara wa yara bayan an tashi lakwal za mu duba.

A birnin Damagaram, daga Birni zuwa Zango da Garin Malam, uba mai hali yana biyan mushe ya zo gida ya ƙara wa ɗansa karatu. Ɗan talaka kuwa, sai in kwamitin lakwal, wato CGDES da a da muke ce wa COGES, ya shirya karatun marece ko na dare. Haka abin yake a karkara. To amma karatun yana shiga? Ka tambayi iyaye goma, da wuya ɗaya ya ba ka amsa, don ba a gwada yaron kafin ya fara ba, ba a kuma gwada shi ba da ya gama.

Abin ba na wasa ba ne. Binciken PASEC, wanda ke auna karatun yara a ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, ya nuna a 2014 cewa ɗaliban Nijar da ke ƙarshen firamare waɗanda suka kai mizanin karatu ba su kai 1 cikin 10 ba. A 2019 sun kai wajen 3 cikin 10. An ci gaba, amma har yanzu akwai ɗan CM2 da ke kwafe allo tsaf, a ce ya karanta abin da ya rubuta ya yi shiru.

Maganin da aka gwada a ƙasar nan ba ya buƙatar kwamfuta. Shirin "Makaranta don kowa" na hukumar JICA ta Japan, wanda ya soma a jihar Tawa a 2004, ya fito da tsarin da ake kira PMAQ. Ana yi wa kowane yaro ɗan gwaji, a rubuta sakamako, a kira taron gari a faɗa wa iyaye a fili. Daga nan gari ya tsara sa'o'in ƙari, malamai da masu sa kai su koyar, sannan a sake gwaji. Daga baya an haɗa da dabarar ƙungiyar Pratham ta Indiya: a raba yara bisa abin da suka iya, ba bisa ajinsu ba. Wanda bai san baƙi ba gefe guda, mai haɗa kalma gefe guda, mai karanta labari gefe guda. Babban yaro zai ji kunyar zama da ƙannensa, gaskiya ne, amma ta fi kunyar fita lakwal bai iya karanta saƙon waya ba.

Inda nake ganin gyara shi ne hanyar da alƙaluma ke bi. Darakta yana cika takardu, su tafi wajen insifekta, su wuce Zinder, su kai Yamai. Hawa suke yi, ba safai suke saukowa wajen uwar yaro ba. Alhali littafin kiran suna kaɗai, in an duba shi duk wata, zai nuna abubuwa da yawa: ko ƴan mata ne ke ɓacewa saboda talla da ɗibar ruwa, ko ranar kasuwa ce ke kwashe aji, ko lokacin ya ci karo da makarantar allo. Wannan na ƙarshe zama ɗaya da malamin allo zai iya raba shi, in an zo masa da lissafi a hannu.

Masu cewa a sa komai cikin waya ba su yi ƙarya ba, musamman a birni inda yara ke sauya unguwa da lakwal sakamakonsu ya ɓace a hanya. Sai dai a ƙauyen da caji ma sai an biya, takarda da biro da allon sanarwa sun isa a fara.

Ku kuma ƴan ci-rani da ke aiko da kuɗin fitila da alli, kuna da haƙƙin tambaya. In an kira ku neman gudummawa, ku ce a ɗauki hoton takardar gwajin a turo ta WhatsApp: yara nawa suka fara, nawa ne mata, nawa suka tashi daga baƙi zuwa kalma cikin wata uku.