Kuɗin agaji bayan ambaliya: wa ke riƙe da littafi?

Damanar 2024 ta yi ɓarna ƙwarai cikin ƙasar Nijar. Ruwa ya ci gidaje da gonaki da rumbuna da bisashe. Mutum fiye da 300 sun rasu, fiye da miliyan 1 sun shiga wahala. Jihar Maraɗi ta ji jiki sosai. A Damagaram tsohon masallacin ƙasa ya faɗi cikin watan Satumba. Har buɗe lakwal sai da anka ɗage zuwa 28 ga Oktoba, don jama'a na kwana cikin azuzuwa.

Bayan masifa irin wagga, taimako kashi biyu ne. Akwai na gaggawa: cimaka, bargo, gidan sauro. Wannan a ci a rayu ne. Akwai kuma kuɗin tada gari, waɗanda gwamnati ko ƙungiyoyin agaji ke badawa don a gyara rijiya, a sayi iri, a maida bisashe. Nan rigima take.

Da farko, gari ya tambaya a fili: kuɗin nan kyauta ne ko bashi? In bashi ne, yaushe za a biya? Kada maigari ya dangwala yatsa bisa takardar da ba a karanta ma jama'a ba.

Sai maganar ƙidaya. Ba a bada taimako sai da sunaye. Ranar da ma'aikata sunka zo rubutu, wanda ba shi nan ba shi da rabo. Makiyayin da ya bi bisashensa daji, da matar da mijinta ya tafi cin rani, da tsohon da ba shi iya fita, su ne aka fi mancewa. Gari ya rubuta nashi sunayen tun kafin baƙi su zo: ɗaki nawa ya faɗi, dami nawa ya ruɓe, akuya nawa ruwa ya tafi da ita. A aika ma rugage su ma. Kowane gari da ke da makarantar yaƙi da jahilci yana da mai iya wannan aiki.

Ga wani abu da ke haɗa 'yan uwa faɗa. Takarda da tamma take lissafi, kasuwa kuwa da dala. In an rubuta 25.000, jika 25 ke nan. Amma wanda ya ji "dubu ashirin da biyar" ya ƙirga da dala, jika 125 zai yi tsammani. Gobe sai ya ce kwamiti ya ci jika 100, alhali ko dala ba ta ɓata ba. Don haka mai karatu ya faɗi kuɗi da jika, da ƙarfi, gaban kowa.

Mai ajiyar kuɗi daban, mai riƙe littafi daban. Kada su zama gida ɗaya. Abin da ya shiga da abin da ya fita, a rubuta da ranarsa. A sa mata cikin kwamiti, don sun fi sanin gidan da ba a ɗora tukunya ba.

Mi za a yi da kuɗin? In an raba su dala-dala, kasuwa biyu sun ƙare. Rumbun tsimi ya fi: a sayi hatsi da kaka yana da araha, a saida ma 'yan gari da sauƙi lokacin bazara, a sake cika shi. Ga bisashe kuma, Fulani sun daɗe da dabara, wato habbanaye. Mai shanu ya ara ma wanda ya rasa saniya, ta haihu, ya riƙe 'ya'ya ya maida uwa. Ƙungiyoyin mata suna yin haka da jar akuyar Maraɗi: ta haihu a wannan gida, a wuce da ita gida na gaba. A Keita, bayan farin 1984, da kuɗin ƙasar Italiya da hannun mutanen gari, galibi mata, anka jera duwatsu anka dasa itace, har faƙo ya koma gona.

Wanda ya samu kuɗin gini kuwa, kada ya koma bakin gulbi ko cikin fadama inda ɗakinsa ya faɗi. Ya ga maigari da magajin gari tun da rani, a nuna mishi tudu.