Faifan Garmaho Ma Takardar Tarihin Harshe Ne

A shekarar 1967 wata ƙungiyar mawaƙa ta birnin Landan mai suna Kaleidoscope ta fitar da faifanta na farko, Tangerine Dream, a ƙarƙashin kamfanin Fontana. Salon kiɗan shi ne wanda Turawa ke kira saikedelik, mai kwaikwayon yanayin mafarki. Faifan bai yi kasuwa ba, ƙungiyar kuma ba ta yi suna ba. Amma da yake an samu waɗanda suka adana shi, yau masu tara tsofaffin fayafai suna nemansa ruwa a jallo, an kuma sake buga shi. Abin da aka raina jiya ya zama abin nazari.

Wannan darasi ne ga Hausawan Kumasi, daga tsohon Zango har zuwa Suwame. Kalmar "faifai" kanta shaida ce ta yadda harshe ke karɓar baƙon abu: sunan marufin ƙwarya da ake saƙawa ne aka ara wa baƙin da'irar da ke juyawa a kan garmaho. Tun tsakanin 1927 da 1930 kamfanin Zonophone ya ɗauki muryoyin 'yan Afirka ta Yamma a Landan, har da waƙoƙin Hausa. Daga baya aka buga waƙoƙin Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos a fayafai a Nijeriya.

Muhimmancin wannan ga ɗalibin harshe a fili yake. Rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna karin sauti, ba ya nuna tsawon wasali. Faifai kuwa yana riƙe duka biyun. Hausar Gana ta yi fice da barin bambance jinsi, inda "ya" ke maye gurbin "ta". Mai son sanin yadda irin wannan sauyi ya faru yana buƙatar muryar da aka ɗauka a zamaninta, ko ta mawaƙi ko ta mai magana.

Wani zai ce waƙoƙin suna nan a intanet. Wasu suna nan, amma sau da yawa babu shekara, babu sunan kamfani, babu lambar bugu. Waɗannan bayanai a jikin faifai da jakarsa suke, kuma su ne ke mai da waƙa hujja.

Saboda haka wajibi ne iyalan da suka gaji fayafai su daina ganinsu tarkace. A ajiye su a tsaye, nesa da zafi, domin zafi yana lanƙwasa su. Suwame, da ta shahara da masu gyaran injuna, ita ta fi cancanta ta farfaɗo da matattun garmaho. Gana tana da abin koyi: gidan adana fayafai da aka kafa a Kef Kos a 1994. Kamata ya yi malaman Hausa su haɗa kai da sarakunan Zango su kwafe abin da ya rage, kafin dillalan ƙetare su kwashe shi.