Sulhun da Aka Ƙulla a Kan Garari

Sau da yawa, idan aka zauna ana tattauna al'amarin Falasɗinu, sai ka ji wani dattijo ya yi ajiyar zuciya ya ce ai wannan husuma ce ta tun zamanin Annabi Isma'ila da Annabi Ishaƙa, amincin Allah ya tabbata a gare su, ba kuwa za ta ƙare ba sai tashin Alƙiyama. Ni dai, duk da girmamawar da nake yi wa masu wannan magana, ban yarda da ita ba, domin tarihi bai goyi bayanta ba. Musa ɗan Maimun, babban malamin Yahudawa wanda aka haifa a Ƙurɗuba ya rasu a Masar a 1204, da harshen Larabci ya wallafa mafi shaharar littafinsa na falsafa, ya kuma yi likitanci a fadar Ayyubawa. Kuma lokacin da sarakunan Kirista suka kori Yahudawa daga Andalus a 1492, Daular Usmaniyya da biranen Magrib ne suka buɗe musu ƙofa. Ban ce zaman nan na Yahudawa a cikin Musulmi babu ƙasƙanci ko zalunci a cikinsa ba, akwai, amma zama ne na ƙarnuka.

Asalin fitinar ƙasa ce, shekarunta kuwa ba su wuce ɗari da 'yan kai ba. Ingila ta yi wa Yahudawa alkawarin mazauni a 1917 a ƙasar da ba tata ba. Turai ta hallaka Yahudawa kimanin miliyan 6 a hannun Hitila, abin da duk mai imani ya wajaba ya yi tir da shi. Sa'an nan a 1948 Falasɗinawa fiye da 700,000 suka rasa gidajensu, suka biya diyyar laifin da ba su aikata ba.

To, me ya hana sulhu? Malamanmu na fiƙihu sun karantar da mu cewa sulhu a kan dukiya hukuncin ciniki yake ɗauka, saboda haka idan abin da za a bayar majahuli ne, ba a san haddinsa ba, garari ya shiga, ƙullin kuma ya ɓaci tun daga tushe. Wanda duk ya dubi yarjejeniyar Oslo ta 1993 da wannan ma'auni, wadda Yasir Arafat da Ishaƙ Rabin suka yi musafaha a kanta a birnin Washinton duniya tana tafi, zai ga cewa Falasɗinawa sun miƙa nasu hannu da hannu, wato amincewa da Isra'ila, alhali makomar Ƙudus, da iyakoki, da 'yan gudun hijira, da matsugunan Yahudawa, duk an jinkirta su zuwa wa'adin shekara 5 da bai taɓa cika ba. A cikin wannan jinkiri ne Bayahude mai tsattsauran ra'ayi ya harbe Rabin a 1995, bama-bamai suka riƙa tashi a motocin haya na Isra'ila suna cin fararen hula, 'yan kama-wuri-zauna kuma a Yammacin Kogin Urdun suka ƙaru daga kimanin 110,000 zuwa kimanin rabin miliyan, har gonar da ake cinikinta ta riƙa raguwa alhali masu ciniki suna kan tabarma.

A kwatanta wannan da sulhun Masar da Isra'ila na 1979. Ko mutum yana ganin Anwar Sadat ya yi daidai ko ya yi kuskure da ya bar 'yan'uwansa a baya, abin da aka yi sulhu a kansa ma'alumi ne: Sina'i, da iyakarta, da ranar fita. Isra'ila ta rushe garin Yamit da ta gina ta janye a 1982, ɗan yankin Ɗaba da aka yi jayayya a kansa kuma alƙalai suka yanke ya koma Masar a 1989, kuma har yau ƙasashen biyu ba su sake yaƙi ba.

Amma yarjejeniyoyin 2020 da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da Bahrain da Maroko suka shiga da Isra'ila, waɗannan sasantawa ce tsakanin waɗanda ba su ne masu haƙƙi ba, kuma jinin da aka zubar ranar 7 ga Oktoba 2023, da dubun-dubatar rayukan da suka salwanta a Gaza bayan haka, galibinsu raunana, sun nuna cewa mai haƙƙi yana nan bai tafi ko'ina ba.

Saboda haka ban yanke ƙauna ba, sai dai ina ganin duk wani zama da za a sake yi, lalle ne a fara shi da shimfiɗa taswira a gaban shaidu, a ja iyaka bisa layin 1967 kamar yadda ƙasashen Larabawa suka gabatar a Bairut a 2002, a ambaci rabon Ƙudus da sunan unguwanninta, a rubuta ranar da soja na ƙarshe zai bar Nablus da Halil, kafin kowa ya miƙa hannu don musafaha.