Dillancin Ilimi: Wa Zai Tsaya wa Gwani?

Duk wanda ya taɓa shiga kara a kasuwar Rano ya san aikin dillali. Shi ba saniya gare shi ba, ba kuma shi ne mai saye ba, amma ba a kulla ciniki sai da shi, domin ya san mai kaya, ya san mai kuɗi, ya kuma san wanda za a iya ba bashi. To, a yau akwai manyan kamfanoni a duniya da ke yin irin wannan dillanci, sai dai su hajarsu ita ce ilimin da ke cikin kan gwanaye. Ra'ayina shi ne, hanyar da suke bi wajen tantance gwani tana da abin koyi, amma tana da giɓi, kuma maganin giɓin nan yana cikin tsohon tsarin kasuwancinmu.

Bari mu fara da yadda suke aiki. A shekarar 1998 aka kafa kamfanin Gerson Lehrman Group a birnin Niyok na Amurka, daga baya wasu suka biyo sawu, kamar AlphaSights da aka kafa a Landan a 2008. A ce wani attajiri yana son zuba jari a masana'antar taki, alhali bai san komai a kanta ba. Sai ya kai buƙatarsa ga kamfanin. Ma'aikatan kamfanin su duba rumbun sunayen da suka tara, su kuma bincika dandalin intanet irin su LinkedIn, inda mutane ke baje tarihin aikinsu. Idan sun ga wanda ya dace, sai su aika masa da 'yan tambayoyi na gwaji, su miƙa amsoshinsa ga attajirin ya zaɓa. Kafin a haɗa su ta waya, gwanin zai sa hannu a kan alkawarin cewa ba zai fallasa asirin wurin aikinsa ba, kuma galibi ba a barinsa ya yi magana a kan kamfanin da yake yi wa aiki a lokacin. Akan biya shi gwargwadon awoyin da aka yi ana hira, dillalin kuma ya ɗauki la'adarsa.

Shin wannan ya wadatar? Tarihi ya nuna bai wadatar ba. A shekarun baya, Dokta Sidney Gilman shehun malami ne a fannin cututtukan ƙwaƙwalwa a Jami'ar Mishigan, kuma shi ke shugabantar kwamitin da ke sa ido a kan gwajin wani sabon maganin cutar mantuwa ta tsofaffi. Ta hannun irin wannan kamfani aka haɗa shi da wani ɗan kasuwar hannun jari, Mathew Martoma, ana biyansa kimanin dala 1,000 a kowace awa. A 2008 ya tsegunta wa Martoma sakamakon gwajin kafin a sanar wa duniya. Da wannan labari kamfanin da Martoma ke wa aiki ya ci riba, ya kuma kauce wa asara, jimilla kimanin dala miliyan 275. A 2014 kotu ta ɗaure Martoma shekara 9. Ba a tuhumi kamfanin da ya haɗa su ba, domin mutanen biyu sun riƙa ɓoye ainihin abin da suke tattaunawa. Abin lura a nan shi ne, ilimin Gilman babu shakka a cikinsa, takardunsa kuma na gaske ne. Amana ce ta kasa, ita kuwa ba a ganinta a jikin takarda.

Yanzu mu dawo gida. A farkon shekarun 1960 wani masanin zamantakewa, Abner Cohen, ya zauna da Hausawan Sabo a Ibadan, ya fitar da littafinsa a 1969. Ya bayyana yadda fatake ke kai shanu daga Arewa, su sauka wurin maigida, dillalansa su sayar wa mahauta bashi. Idan mahauci ya ci kuɗin, maigidan ne zai biya, domin shi ya yi lamuni. Saboda haka ba ya barci sai ya san halin kowane mahauci. Wannan shi ne bambancin: wanda ya gabatar da mutum yana da abin da zai rasa idan mutumin ya ci amana.

Mai karatu na iya cewa, ina ruwan Rano da Kibiya da wannan zance? Ruwansu kuwa babba ne. Ƙasar kudancin Kano tana zaune ne a kan tsohon dutse mai tauri, wanda ruwa ba ya ratsa shi. Ruwan ƙarƙashin ƙasa yana taruwa ne a inda dutsen ya ruɓe ko ya tsage. Shi ya sa za a haƙa rijiyar burtsatse a samu ruwa, a matsa kaɗan a haƙa wata a tarar da busasshen dutse. Masanin ƙasa yakan tura lantarki cikin ƙasa ta ƙarafan da ya kakkafa, ya auna yadda ƙasar ke tare shi, domin wurin da ke da danshi ya fi barin lantarki ya wuce. Idan ƙungiyar gari ko makaranta ta tara kuɗi da kyar, ta ɗauko wanda ya riƙe na'ura kawai ba tare da ya san fassarar abin da ta nuna ba, kuɗin talakawa ne aka binne a rami. Haka nan a 2016, lokacin da tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye tumatir a Kadawa da kewaye, manomi yana buƙatar wanda ya san ƙwarin da gaske, domin feshin maganin da bai dace ba asara ce a kan asara.

Don haka nake ganin duk mai son haɗa mutane da gwani, kamfani ne ko ƙungiya, ya kamata ya bi matakai huɗu. Na farko, ya tabbatar da takarda daga tushenta. Injiniya yana da rajista da hukumar COREN, wadda aka kafa a 1970, masanin ƙasa kuma da hukumar COMEG. Na biyu, ya gwada shi da tambayar da sai wanda ya yi aikin da hannunsa zai iya amsawa. Na uku, ya je ya ga aikin da ya taɓa yi, ya tambayi waɗanda aka yi wa: rijiya nawa ya nuna, nawa ne ke ba da ruwa har a tsakiyar bazara? Na huɗu, shi kansa dillalin ya ɗauki wani kaso na asara idan gwaninsa ya gaza.

Na san za a ce mataki na huɗu zai tsorata dillalai, ya ƙara tsadar shawara. Gaskiya ne, zai ƙara. Amma tsadar bincike ba ta kai ta busasshiyar rijiya ba. Za a kuma ce shaidar jama'a tana iya zama son kai, kowa ya gabatar da ɗan'uwansa. Wannan ma gaskiya ne, shi ya sa ban ce a yar da takarda da gwaji ba. Kowane mataki yana toshe kafar da ɗan'uwansa ya bari. Bugu da ƙari, shaidar jama'a ce kaɗai za ta fito da gwanayen da babu sunansu a intanet, kamar tsohon mahaƙin rijiya da ya san ƙasar Kibiya taki-taki, ko malamin gona da ya yi shekaru yana zagaya ƙauyuka.

Ga malamai, ina ba da shawarar a mai da wannan darasi. A sa ɗalibai su ƙirga rijiyoyin burtsatse na unguwarsu, su rubuta masu aiki da matattu, su tambayi yadda aka zaɓi wurin haƙa kowacce. Wannan shi ne kimiyya: kada a karɓi magana sai da hujja. Ku kuma ɗalibai, wata rana ku za a kira a nemi shawararku, a biya ku. Ranar nan ku tuna da Dokta Gilman, ku koyi cewa "wannan ban sani ba" a inda ba ku sani ba, da "wannan ba zan faɗa ba" a inda aka ba ku amana.